Lambun Tsakar Gida: Aikin Asabar Ɗaya

A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ta nemi kowane magidanci ya noma ko da bayan ɗakinsa ne. Yau kuwa ma'aikacin da ya gina gida a Kano ko Kaduna, malale tsakar gidan yake fara yi da siminti, sa'an nan ya dawo yana kukan tsadar kayan miya, kamar yadda aka sha a 2016 da tsutsa ta cinye tumatirin Kadawa.

To, simintin ba hujja ba ne. Jerin bulo biyu ya isa, faɗin kada ya wuce mita ɗaya, domin hannu ya kai tsakiya ba a taka shuka ba. A bar kafar fitar ruwa, a cika da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen takin awaki. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. Alayyafo cikin wata guda ake fara yankansa.

Sai dai fa manomin fadama nutsar da fangalinsa yake yi don ya riƙe ruwa. Wannan kuwa a sama yake, saurin bushewa gare shi da rani. A lulluɓe shi da buntun shinkafa, ruwan alwalar gidan ma kada ya tafi kwata.