"Pass Out" Ba Mutuwa Ba Ce, Ba Kuma Kullum Yayewa Ba Ce

Duk lokacin da masu yi wa ƙasa hidima suka cika shekararsu, sai Facebook da WhatsApp su cika da hotunan matasa cikin kaki, an rubuta "passing out" a ƙasan hoton. Haka ake yi idan makarantar horon hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna, ko ta 'yan sanda da ke Wudil, ta yaye ɗalibanta. Shi ya sa da yawanmu muka tashi da sanin cewa "pass out" na nufin kammala horo. Ma'anar tana nan daram, sai dai ba ita Bature yake fara kawowa a ransa ba idan ya ji kalmar, kuma wanda ita kaɗai ya riƙe yana iya yin kuskure mai tsada a asibiti ko wajen neman aiki.

Daga barikin sojan Ingila muka gaji waccan ma'anar. A makarantun horon soja irin su Sandhurst, faretin da ake yi ranar yaye hafsoshi shi ake kira "passing out parade". Al'adar ta biyo Turawan mulki ta zauna a sojanmu, NDA da aka kafa a 1964 ta ci gaba da ita, shirin yi wa ƙasa hidima na NYSC da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973 shi ma ya ara. Magana ce ta soja da 'yan sanda da masu kaki. Matsalar tana farawa ne idan mai digiri ya rubuta wa wata jami'a ko kamfani a Amurka cewa "I passed out from the university in 2019". Ba'amurke zai karanta wannan kamar ka ce ka sume a jami'a. Abin da ya kamata a rubuta shi ne "I graduated".

Suma ita ce ma'anar da aka fi sani a Turancin yau da kullum: mutum ya yanke jiki ya faɗi, hankalinsa ya gushe na ɗan lokaci, saboda zafin rana, ko yunwa, ko zubar jini, ko maye. A nan ne ya kamata a buɗe kunne. Likita kan tambayi wanda ya yi hatsari, "Did you pass out?" Ba makarantarka yake tambaya ba, so yake ya san ko hankalinka ya gushe, domin amsar tana iya sa a ɗauki hoton kanka. Takardar da ke cikin kwalin magani, musamman na hawan jini da na ciwon suga, takan yi gargaɗin cewa idan ka ji jiri ko ka yi "pass out", ka nemi likita. Mu kuwa takardar nan ita muke fara jefarwa kafin mu ɓalli ƙwayar. Tunda zancen ya zo, wanda ya sume ba a ɗura masa ruwa a baki, domin ruwan yana iya bi ta hanyar numfashi. A kwantar da shi inda iska take, a ɗaga ƙafafunsa, in bai farfaɗo cikin minti ɗaya zuwa biyu ba a garzaya da shi asibiti.

Mutuwa kuma "pass away" ce. Lafazi ne na sakayawa, kamar yadda muke cewa wane ya riga mu gidan gaskiya maimakon a ce ya mutu. Tsakanin "he passed out" da "he passed away" kalma ɗaya ce tak, amma ɗaya likita ake nema, ɗaya likkafani. A ce ɗanka yana karatu a Landan ko Kuwala Lamfo, abokinsa ya turo saƙo cikin ruɗewa cewa ya yi "pass out" a aji. Wanda aka ba wayar ya fassara, in ya rikita biyun, kafin la'asar gida ya cika da masu gaisuwar ta'aziyya, uwa mai hawan jini ta kwanta, alhali yaron yana zaune yana shan shayi. "Pass on" ita ma takan zo da ma'anar rasuwa, amma idan aka ce "pass on the message", isar da saƙo kawai ake nufi.

Akwai ma'ana ta uku ta "pass out", mai sauƙi: rarrabawa. Malami ya ce "pass out the papers", wato a raba takardun. Alamarta ita ce za ka ga an ambaci abin da za a raba. Matasa kuma sukan ce sun yi "pass out" a kujera, suna nufin gajiya ta sa barci ya kwashe su.

Bai kamata wannan ya ba Bahaushe mamaki ba, don mu ma haka muke yi da "ci". Wanda ya ci amana, da wanda ya ci jarrabawa, da wanda ya ci bashi, babu wanda ya kai loma baki. Baƙon da ya haddace cewa "ci" tauna ce da haɗiya zai ɓata tun a kasuwa. Turanci yana yin irin wannan da 'yan guntayen kalmomi, "out", "away", "on", kuma su ne ɗalibanmu suka fi rainawa, su duba "pass" a ƙamus su ga "wuce", su rufe littafi. A ganina har malaman Turanci suna da nasu kason laifin, don sun fi ba haddar dokokin nahawu ƙarfi a kan irin waɗannan haɗe-haɗen da ake magana da su kullum.

Jama'a, idan saƙon Turanci ya shafi rai ko lafiya, kada a yi gaggawar yaɗa shi. A karanta har ƙarshen jimla, a kira wanda ya turo a tambaye shi ƙarara ko mutumin yana numfashi, sannan a sanar da dangi.