Harawa da Dangoginta a Ciyar da Shanun Tatsa

A ƙasashe masu zafi, rani ne babban ƙalubalen mai kiwon shanun tatsa, domin idan ciyawa ta bushe furotin ɗinta, wato sinadarin da ke gina jiki da samar da nono, yakan faɗi ƙasa da kashi 7 cikin ɗari, kuma a wannan mataki ƙananan halittun da ke tumbin saniya ba sa iya narkar da abin da ta ci sosai, sai ta rame, nono ya ja baya.

Tsirrai dangin wake, irin su wake da gyaɗa da lablab, suna cike wannan giɓi, saboda a saiwoyinsu akwai ƙullutu masu ɗauke da bakteriya da ke zuƙo nitirojin daga iska, abin da ke sa ganyensu ya fi ciyawa furotin, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Manomi Bahaushe ya daɗe da gane haka, shi ya sa yake ɗaure harawa ya ɗora a reshen bishiya ko bisa rufin ɗaki. Haka kuma, a shekarun 1980 cibiyar binciken dabbobi ta ILCA ta gwada killace fili mai hekta 4 a yankin Kachia, aka shuka sitailo, wani tsiro dangin wake, ana sakin shanu a ciki na ɗan lokaci kullum da rani.

Amfanin harawa yana cikin ganyenta, don haka wajibi ne a yanke ta kafin ganye ya zube, a kuma kare ta daga ruwa da zafin rana.