Madubin Hangen Taurari Aikin Hannu Ne

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Mata ya kalli masu bugu suna dukan shuɗi har ya ɗau sheƙi, ya san mutanen cikin birnin Kano ba baƙin aikin haƙuri ba ne. Irin wannan haƙurin ne jarin haɗa madubin hangen taurari a gida, samfurin da Isaac Newton ya ƙera a 1668, wanda madubi mai kwarmi ke tattara masa haske.

Aikin kamar niƙa a dutse yake. Ana samun faifan gilashi biyu masu kauri, a zuba garin kabarandam da ruwa a tsakaninsu, a riƙa goga na sama a kan na ƙasa, mai aikin yana zagaya su. A hankali na sama zai yi kwarmi, na ƙasa ya yi tudu. Ga madubi mai faɗin inci 6, zurfin da ake nema bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba. Daga nan sai a bi da gari mai laushi, a ƙare da gogewa a kan kwalta. Awon ma ba ya buƙatar tsada: dabarar da Léon Foucault ya fito da ita a 1858 fitila da bakin reza kawai take ci, amma tana tona aibin da ido ba ya gani. Madubin mai inci 6 kan tara haske fiye da ninki 400 na idon mutum. Da shi ana ganin ramukan wata, zoben Zuhal, da watanni huɗu na Mushtari.

Wani zai ce ai sayen na kanti ya fi sauƙi. Haka ne, sai dai John Dobson a Amurka da gilashin tagar jirgin ruwa da katako ya riƙa haɗa nasa, kuma wanda ya niƙa da hannunsa shi ke iya gyara in abu ya lalace. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne shafa wa madubin alminiyon, don wannan sai da inji na musamman. Amma ana iya shafa azurfa a gida, ko da yake takan dushe. Hazon hunturu kuwa ba shi da magani. Sai a jira daren da ruwa ya wanke sama, a hau Dala, a fara da Zara.