Saroj Khan: matar da ta koya wa taurarin Indiya rawa

A shekarun 1990, duk matafiyin da ya kwana Badagishiri a kan hanyar Ƙwanni zuwa Tawa ya san zaurukan bidiyo, inda samari kan biya ƴan daloli su zauna kan benci su kalli fim ɗin Indiya har dare ya raba. Daga Kano da Sakkwato kaset-kaset ɗin suke shigowa ta iyakar Ƙwanni. Yaron da bai jin ko kalma ɗaya ta harshen Hindi ya san Sridevi, ya san Madhuri Dixit. Amma da za a tambayi mutum ɗari wanda ya tsara rawar da suke sha'awa, da wuya a samu ɗaya da zai amsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mace ce ta tsara da yawa daga cikin raye-rayen nan, sunanta Saroj Khan.

An haife ta a birnin Bombay ranar 22 ga Nuwamba 1948, aka raɗa mata suna Nirmala Nagpal. Iyayenta na cikin miliyoyin da suka yi hijira lokacin da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, suka iso Bombay cikin talauci. Tana da shekara 3 aka fara sa ta cikin fim don gidansu ya samu abin sawa a baka. Kafin ƙarshen shekarun 1950 ta shiga sahun ƴan rawar baya, waɗanda ke tsayawa bayan tauraruwa, ana biyansu kuɗin yini, ba kuma a rubuta sunansu a ko'ina.

A nan ta haɗu da B. Sohanlal, shahararren mai tsara rawa, wanda ya koya mata sana'ar, ya kuma ɗauke ta mataimakiya. Ya aure ta tana da shekara 13, shi kuwa ya girme ta da kusan shekara 30. Ita da bakinta ta faɗa cewa sai daga baya ta gano yana da mata da ƴaƴa huɗu. Auren bai ɗore ba, renon ƴaƴa ya faɗo kanta. A 1975 ta auri wani ɗan kasuwa, Sardar Roshan Khan. Ta musulunta, kuma a musulunci ta cika.

Ya kamata mai karatu ya san yadda wannan aiki yake. A fim ɗin Indiya ba tauraruwa ke rera waƙa ba. Mawaƙa irin su Lata Mangeshkar ko Alka Yagnik ke fara ɗaukar waƙar, sa'an nan a miƙa wa mai tsara rawa. Shi zai saurara, ya ƙidaya bugun kiɗa, ya raba waƙar gunduwa-gunduwa, ya sa wa kowace gaɓa nata taku, ya koya wa ƴan wasa, ya kuma shirya da mai ɗaukar hoto inda kyamara za ta tsaya. An shaidi Saroj Khan da cewa ba ƙafa kaɗai take sa wa rawa ba. Ido da gira da wuya duk sai sun bayyana ma'anar waƙa. Shi ya sa mai kallo a Malbaza ko Illela ke gane kishi ko bege ba tare da tafinta ba.

Fim na farko da ta tsara wa rawa ita kaɗai shi ne Geeta Mera Naam, a 1974, amma sai da ta ƙara haƙurin fiye da shekara goma kafin tauraronta ya haska. Ta yi aiki da Sridevi a Nagina (1986), Mr. India (1987) da Chandni (1989). A 1988 ta tsara wa Madhuri Dixit rawar «Ek Do Teen» cikin fim ɗin Tezaab, wadda ta ɗaga yarinyar zuwa sahun gaba. A 1989 masu ba da lambar yabo ta Filmfare suka buɗe rukuni na musamman domin masu tsara rawa, kuma ita ta fara karɓa. Ta ci shekara uku a jere, ta kuma tara takwas a tsawon aikinta. Gwamnatin Indiya ta ba ta lambar ƙasa sau uku, ta farko a kan fim ɗin Devdas na 2002. Taurari manya «Masterji» suke kiranta, wato malama.

Tasirin irin wannan aiki ya iso ƙasar Hausa. Da masu shirya fim na Kano suka ɗauki rawa da waƙa gadan-gadan wajen ƙarshen shekarun 1990, daga Indiya suka kwaikwayo tsarin. Abin ya jawo muhawara mai zafi tsakanin malamai, iyaye da ƴan fim, kuma a 2001 jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai. Ko mutum na goyon baya ko yana suka, ba zai musa cewa sana'a ce mai ƙa'ida da wahala ba.

Aikinta na ƙarshe shi ne Kalank, a 2019, tare da Madhuri Dixit, ɗalibarta ta shekara 30. Ta rasu a Mumbai ranar 3 ga Yuli 2020, sakamakon ciwon zuciya, tana da shekara 71.

Rayuwarta ta bar tambaya ga ƴan kasuwa da ma'aikata baki ɗaya. A kowane shago da kowane ofis akwai wanda ke ɗauke da nauyin aiki daga baya, wani na karɓar yabo. Akwai kuma ƴan mata da talauci ke hana wa lakwal, ya tura su neman kuɗi ko ɗakin miji tun ba su mallaki hankalinsu ba. Saroj Khan ta tsira da baiwarta, amma ba kowace ke tsira ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.