Ciwon dajin kai da wuya: me ya sa likita ke neman hoto fiye da ɗaya?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda ba su samu damar sauraro ba.

Yau za mu taɓo wani ƙorafi da ake yawan ji a bakin masu jinya daga Samaru har Sabon Gari. Mutum ya kai mahaifinsa asibiti da kumburi a wuya, an yi sikanin, sai likita ya ce a yi CT, bayan nan kuma ya ce sai MRI. Sai ka ji ana cewa: "Wai hoto nawa za a yi wa wuya ɗaya?" To, tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa.

Da farko, idan an ce ciwon dajin kai da wuya, ana nufin wanda ya fito a baki, harshe, maƙogwaro, akwatin murya, kogon hanci, ko can bayan hanci inda ya haɗu da maƙoshi. Na bayan hancin nan yana cikin waɗanda aka fi gani a arewacin Najeriya, kuma sau da yawa alamarsa ta farko kaluluwa ce a wuya wadda ba ta zafi. Wurin ƙarami ne, amma a cunkushe yake da ƙashi, tsoka, jijiyoyin jini da jijiyoyin da suka sauko daga ƙwaƙwalwa. Babu na'ura ɗaya da ke ganin dukkansu da kyau. Kowace da tambayar da take amsawa.

Mu fara da sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Shi ya fi araha, kuma ana samunsa a wurare da dama a Sabon Gari. Yana nuna kaluluwar wuya sosai: girmanta, siffarta, da ko akwai ruwa a ciki. Da shi likita ke saita siririyar allura ya zuƙo ɗan abin da ke cikin kumburin a kai gwaji. Amma sautin da yake aiki da shi ba ya ratsa ƙashi da iska, saboda haka bayan hanci ya fi ƙarfinsa.

Sai CT. Wannan hasken eksire ne da ke ɗaukar jiki yanka-yanka, cikin 'yan mintuna an gama. Gwani ne wajen nuna ƙashi: shin ciwon ya ci muƙamuƙi? Ya taɓa guringuntsin akwatin murya? Ana kuma haɗawa da ƙirji a duba ko ya kai huhu. Yawanci ana yin allurar wani ruwa da ke haska jijiyoyin jini, shi ya sa ake fara neman gwajin ƙoda.

MRI kuwa da maganaɗisu yake aiki, babu eksire a ciki. Yakan ɗauki rabin awa ko fiye, ga ƙara, kuma dole mutum ya kwanta ba motsi. Shi ne ke bambanta tsoka da ƙari, ya nuna zurfin ciwo a cikin harshe, ko kuma ya nuna ya bi jijiya ya nufi gindin ƙoƙon kai. A ciwon bayan hanci, wannan bayanin na iya canza matakin da aka sa ciwon gaba ɗaya. Mai ƙarfe ko na'urar zuciya a jiki ya faɗa tun kafin a shiga ɗakin.

Na huɗu shi ne PET-CT, wato na'ura biyu a jiki ɗaya. Ana yi wa mutum allurar sukari mai ɗan tururin nukiliya. Ƙwayoyin daji mayunwata ne, suna shan sukarin fiye da sauran jiki, sai su yi haske a hoton, CT kuma ya nuna daidai inda hasken yake. Yana da amfani idan ana neman inda ciwo ya bazu, ko an ga daji a kaluluwa amma an rasa tushensa. A 2016 an wallafa wani bincike da aka yi a Birtaniya kan marasa lafiya 564. Rabinsu an shirya musu tiyatar wuya kai tsaye, rabi kuma an yi musu PET-CT makonni 12 bayan gashi da maganin daji. A rukunin farko an yi tiyata 221, a na biyu 54 kacal, kuma yawan waɗanda suka rayu kusan ɗaya ne. Kun ga hoto ya raba mutane da yawa da wuƙa.

To me ya sa na'urar ke wuyar samu, har wasu sai sun je Legas? Wani zai ce ai Jami'ar Ahmadu Bello na da cibiyar binciken makamashi mai tukunyar nukiliya tun 2004. Haka ne, amma sinadarin wannan allura wata na'ura daban ce ke yin sa, kuma duk minti 110 rabin ƙarfinsa ke tafiya. Ba abin da za a ajiye a kanti ba ne. Sannan a ƙasa irin tamu, tarin fuka ma kan yi haske a PET. Yauwa, shi ya sa duk kyan hoto, ɗan naman da aka duba a ɗakin gwaji ne ke tabbatar da daji.

Ina ake haɗa waɗannan bayanai? A asibitin koyarwa na Shika, nan kan hanyar Funtua, akwai likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, da na muƙamuƙi, da masu karanta hoto, da sashen gashin daji. Mai tiyata na son sanin inda zai tsaya da yanka. Mai gashi na son ya zana iyakar ƙarin, domin hasken ya same shi ya kauce wa ido, laka da gurbin yawu. Idan an raina girman ciwon, a bar saura. Idan an zuzuta shi, a ƙona lafiyayyen nama.

Ga shawarwari huɗu. Ɗaya, kafin ka kashe kuɗi kan hoto, bari likitan da zai yi maganin ya faɗi wanda yake so, ba kowa ke buƙatar duka huɗun ba, kuma kana da damar tambaya: "Likita, wannan me zai nuna mana?" Biyu, ka karɓi faifan hoton, kar ka tsaya kan takardar sakamako kawai, ka riƙa zuwa da tsofaffi da sababbi tare. Uku, kar a ja lokaci tsakanin hoto da fara magani, domin hoton wata uku da suka wuce ba lallai ya nuna wuyan yau ba, sai a sake biya. Huɗu, don Allah kar a kai kaluluwa wurin wanzami a yi sakiya, kar kuma a yarda a cire ta kafin a leƙa hanci da maƙogwaro da madubin likita.

Duk kumburin wuya, dishewar murya, gyambon baki, ko toshewar hanci ko kunne na gefe ɗaya da ya wuce mako uku, a je asibiti. Ku tura wa wanda kuka san yana jinya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.