Kitsen Hanta: Mu Duba Kofin Shayinmu

Jama'a, daga Wad Madani har Mai Wurno, wane gida ne ba a cika wa shayi sukari? Rarar sukarin nan hanta ke mayar da ita kitse. Ciwon ba ya sallama, sai hoton ciki ya tona shi, galibi ga masu ƙiba ko ciwon sukari. In aka ƙyale shi, hanta kan ƙandare.

Likitoci sun ce wanda ya rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa, hantarsa kan farfaɗo. Don haka mu rage sukari da asida, mu yi tafiyar rabin awa kullum, mu guji jiƙe-jiƙen da ba mu san asalinsu ba. Allah Ya ba mu lafiya.