2.3 Ƙazuwa da Kuturta a Matsayin Matsalar Lafiyar Al'umma a Yankin Mairuwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cututtukan fata, har ya ba su sunaye kamar ƙazuwa da makero da kyasbi da kuturta. Sai dai ban da kuturta, ya fi ɗaukarsu a matsayin ƙananan lalurori da ba su kai a je asibiti ba. Wannan sashe zai nuna cewa al'amarin ya wuce nan.

A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙazuwa cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Hukumar ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci mutane fiye da miliyan 200 na fama da ita. A watan Mayun 2025 kuma babban taron hukumar ya zartar da ƙudurin ba cututtukan fata muhimmanci a duk duniya.

Wani ƙwaro ne da ido ba ya gani sosai yake kawo ƙazuwa. Yakan shiga cikin fata ya yi ƙwai, musamman a tsakanin yatsu, ƙaiƙayinsa kuwa ya fi tsanani da dare. Idan susa ta yi yawa sai wurin ya zama gyambo, wanda kan iya kai wa ga ciwon ƙoda. Cutar na yaɗuwa ta hanyar cuɗanya, don haka cunkoson makwanci yake rura ta. Wannan ya shafi yankin da ake nazari, domin hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara sun tilasta wa iyalai barin ƙauyukansu, suka cunkushe a gidajen dangi. Saboda haka dole a yi wa mutanen gida magani gaba ɗaya, in ba haka ba cutar za ta dawo.

Dangane da kuturta kuwa, tun shekarar 1995 ake bayar da maganinta kyauta, kuma ana warkewa cikin wata 6 zuwa 12. Asibitin Babbar Ruga da ke Katsina ya daɗe yana kula da masu ita. Babban cikas shi ne tsangwama, wadda ke sa mai tabo ya ɓoye shi har jijiyoyinsa su lalace.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa kula da fata nauyi ne da ya rataya a wuyan gida da unguwa da hukuma baki ɗaya.